Katin da Bai San Baffa Ba

Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Garuwa ya tambayi rumfar Kaltumi mai atamfa, za a nuna masa, wasu da murmushi, wasu da tsaki. Ban damu ba. An ce bakina ba ya riƙe magana, ni kuwa na ce maganar da ba a so ta fita kada a kawo ta kusa da ni. To duk da wannan hali nawa, a gidanmu aka haifi yarinyar da ta gagare ni, ta kuma gagari yayana Alhaji Mahfuzu, mutumin da kaf layin 'yan yadi ba mai yi masa musu. Sunanta Sadiƙa, 'yar ƙanenmu Isa, Allah ya jiƙansa.

Kakanninmu daga Kano suka zo da fataucin goro, suka ga Binuwai, suka sauke kaya, ba su sake ɗauka ba. Mu Hausawa 'yan kaɗan ne a garin nan. A kasuwa da Fillanci muke ciniki, a ofis a yi mana Faransanci, sai mun koma gida mu yi faɗa da Hausa. Shi ya sa muke riƙe da juna gam, kuma shi ya sa maganar babba a gidanmu take da nauyi fiye da yadda baƙo zai zata.

Sunan mahaifiyarmu aka sa wa yarinyar. Don haka Yaya bai taɓa kama sunanta ba, Uwata yake ce mata tun tana cikin zanen goyo. Ni dai bakina bai san alkunya ba, gatsau nake kiran abina.

Isa kwaɗuna da mabuɗai yake sayarwa. Yara na can suna wasan 'yar tsana, ita tana ƙarƙashin teburinsa da ƙusa tana sakatar kwaɗo. Wata rana ina zaune ta ɗago kai ta ce, "Baba, wannan da kowane mabuɗi yake buɗuwa. Ai ba kwaɗo ba ne, ado ne." Isa ya yi dariya har da riƙe ciki, amma daga ranar bai sake saro irinsa ba.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi a wata damina, yarinyar ba ta gama firamare ba. Uwarta ta koma wajen danginta a Banyo, ta so tafiya da ita. Yaya ya ce 'yar Isa ba ta barin gidan nan. Ya haɗa ta da 'yarsa Laila, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, ɗinkin salla iri ɗaya. Kowace safiya ta Allah sai Sadiƙa ta durƙusa a ƙofar zaurensa ta ce, "Baffa, ina kwana," shi kuwa ya ajiye kofin shayi ya ce, "Lafiya lau, Uwata. Kin tashi lafiya?" Ko babban baƙo ne a zaune tare da shi, sai ya katse magana ya amsa mata.

Da ta gama sakandare ta ce Ngaundere za ta, jami'a, karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa. Dangi suka yi ca. Ni ma na tofa tawa, ba zan ɓoye ba, don ban ga abin da mace za ta nema a cikin wayoyin wuta ba. Yaya ya bari kowa ya gama, sannan ya ce, "Kun gama? To ranar Lahadi ni zan kai ta tasha." Shi ke nan, bakin kowa ya mutu.

Bayan Ngaundere ta yi wasu shekaru a Duwala, a wani kamfani da ke shirya katunan banki. Sai ga ta ta dawo da akwati ɗaya da na'urarta a jaka. Na ce, "Ke, mutane na gudu zuwa Duwala, ke kina gudowa?" Ta ce, "Gwaggo, garin da wanki ba ya bushewa ba gari ba ne." Ta zaɓi zafin Garuwa da kanta, ta kama aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Jambutu, wajen wani likita da ake kira Dokta Alphonse da ma'aikaciyar jinyarsa Suzanne.

Sai na faɗi abin da ya kai ta can, don a gane. Mu a nan in ka je asibiti ɗan littafi ake ba ka, karne muke ce masa. A ciki likita yake rubuta ciwonka da maganinka, ka tafi da shi gida. To gidan da ke da ɗan makaranta ai ba shi da sirri. Ka ajiye karne ƙarƙashin matashi, kafin ka dawo daga masallaci an karanta wa kowa an fassara. Saboda haka mutane da yawa sun gwammace su sha saiwa su yi shiru. Wannan ne ya dami Dokta Alphonse, ita kuwa Sadiƙa ta ce masa akwai mafita.

Ranar da ta fara nuna mini katin, juya shi na yi ta yi. Roba ce kamar ta banki, da sunan mutum a baya.

Ta ce, "Gwaggo, kin ga ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya? Irin pus ɗin cikin wayarki ne, wato sim. Ƙwaƙwalwa ce ƙarama. Ni nake rubuta mata abin da za ta yi da wanda ba za ta yi ba."

Na ce, "To me kika gaya mata?"

"Na ce kada ta yarda da kowa."

Ta yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Abin da likita ya rubuta, kafin ya zauna a cikin katin sai an hautsina shi, yadda ko an fasa an duba ba za a ga komai ba sai shirme. Mabuɗin da ke mayar da rubutun daidai a cikin katin ake haifarsa, a ciki yake zama, ba ya fitowa ko da wasa. Kafin ya yarda ya buɗe sai abu biyu sun haɗu. Mai katin ya danna lambar sirrinsa da yatsansa. Sannan katin ya yi wa katin likita tambaya, ya ji amsa daidai. Tambayar kuma kullum sabuwa ce, don kada wani ya laɓe ya haddace amsar jiya ya zo da ita yau. In aka danna lambar da ba ita ba sau uku, sai ya ja ƙofarsa ya rufe, har sai mai shi ya zo da ƙafarsa, Dokta da Suzanne sun haɗa nasu katunan, ya zaɓi sabuwar lamba.

Na ce, "Kai! Wannan ya fi ɗan duwan na kan iyaka tambaya."

Suzanne ce ta ba ni labarin cewa da farko Dokta ya so Sadiƙa ta bar wa kanta ɓarauniyar hanya, ko don wata rana. Ta ƙi. Ta ce, "Dokta, hanyar da na bar wa kaina, na bar wa duk wanda ya fi ƙarfina." Ranar da za a haɗa manyan mabuɗan asibitin ma, ta zaunar da su biyun gaban na'ura, ta nuna musu inda za su danna, ita kuwa ta juya ta fuskanci bango har suka gama. Suzanne ta ce sun yi ta dariya. Ni da na ji ban yi dariya ba, don na gane yarinyar ta san gidan da ta fito.

Ba a fara da daɗi ba. Tsofaffinmu da aka ce musu wannan abu ne mai daraja, a adana shi, sai suka yi masa abin da suke yi wa kowane abu mai daraja: suka kai wa baduku ya ɗinke shi cikin fata kamar laya, suka rataya a wuya. Su zo asibiti a ce kawo kati, su zaro laya ɗinkakkiya ta ko'ina. Wasu ma allurar ta huda ƙwaƙwalwar ta kashe ta. Dokta ya dafe kai. Sadiƙa ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta hau moto, wato babur ɗin haya, ta je layin dukawa, ta zauna da su, suka fitar da wata 'yar jakar fata mai buɗaɗɗen baki da maɓalli, da igiyar ratayawa. Yanzu in ka ga tsoho a Jambutu da jar laya mai maɓalli a ƙirji, aikin 'yarmu ne.

Yaya ya fi kowa alfahari. Duk baƙon da ya zauna a shagonsa sai ya ji cewa Uwata ce ta ƙera katin da ba ya buɗuwa. Allah sarki, bai san da kansa zai gwada ba.

Wani yaro ya fito neman Laila, Kamilu sunansa, mai sayar da kayan gyaran babur a Yelwa. Yaro mai kunya, mai salla, Laila kuwa ta mutu a kansa. A wajenmu ba a ba da 'ya sai an yi bincike. A tura mutane unguwar yaron su tambaya a asirce: asalinsa, sana'arsa, halinsa, da ko akwai wani ciwo a danginsu, farfaɗiya ko taɓin hankali ko wani abin. Ba mugunta ba ce, haka muka gada. Wa za a tura in ba ni ba? Na zaga na dawo ban samo komai ba sai abu ɗaya: ana yawan ganinsa a asibitin Jambutu, alhali ga shi ƙato lafiyayye.

Ana cikin wannan, ran wata Juma'a Kamilu ya zo gaida Yaya. Garin zaro hankici, katinsa ya faɗo kan tabarma bai sani ba. Bayan ya tafi Yaya ya ɗauka, ya duba sunan, ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya kawo mana bincike har gida."

Bayan la'asar ya sa aka kira Sadiƙa, ina zaune. Ta durƙusa. Ya ajiye katin a gabanta ya ce, "Uwata, buɗe mini wannan ki gaya mini abin da ke damun yaron nan."

Ku tsaya in gaya muku. A gidanmu ba a ce wa babba a'a. "To" ake cewa. In ba za ki yi ba, ki ce to, yau ki ce kuran ya ɗauke ba wuta, gobe ki ce na'ura ta lalace, jibi maganar ta mutu da kanta, kowa ya tsira da mutuncinsa. Da wannan "to" ɗin muka zauna lafiya da iyayenmu da mazajenmu. Na ƙyafta mata ido, na yi gyaran murya, har ƙafarta na taka.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, ba ya buɗuwa."

"Ba ke kika yi shi ba?"

"Ni na yi shi, Baffa. Shi ya sa na sani."

Ya yi murmushi, yana zaton kawaici take yi. Ya ce, "Maƙerin da ya ƙera kwaɗo ba ya rasa mabuɗi. Laila 'yar'uwarki ce, kwano ɗaya kuka ci. In yaron nan yana ɗauke da abin da zai cuce ta, kin yarda ya hau wuyanki?"

Ta ce, "Baffa, a kira shi a tambaye shi. Ko a ce su je gwaji shi da Laila, ni zan raka su."

Nan fuskarsa ta canza. "Ni? In buɗe baki in tambayi wanda zai zama surukina me ke cikin jikinsa? Ke ba ki san kunya ba?" Gaskiyarsa ta wani gefen, don a wajenmu suruki da suruki ko ido ba sa haɗawa, balle irin wannan magana. Shi ya sa ake zagayawa.

Da ta tsaya nan, da an samu hanyar gyara. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan Isa ne a jikinta kaf. Ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Ba ni da mabuɗinsa. Kuma ko ina da shi, ba zan buɗe ba. Amana ce."

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki katin ya sa a aljihu ya ce, "Tashi ki je."

A tsakar gida na cim mata na ce, "Ke wace irin yarinya ce? 'To' ɗin nan nawa ake sayar da ita?"

Ta share ido ta ce, "Gwaggo, in na ce to, gobe kasuwa za ta ji cewa katin yana buɗuwa in babba ya sa baki. Daga nan ba mai sake zuwa."

Na ce, "Wa zai kai wa kasuwa?"

Ta dube ni kawai. Marar kunya!

Washegari da safe ta durƙusa a ƙofar zaure ta ce, "Baffa, ina kwana." Ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Ta jira, ta sake faɗa. Shiru. Ta tashi ta ɗauki jakarta ta tafi aiki. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce ai ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. Marainiyar da ba ta da uba sai wannan, in ya daina amsa gaisuwarta, to ta sake zama marainiya.

Shi kuwa Yaya bai haƙura ba. Akwai wani Brahim a bakin kasuwa, mai gyaran waya, wanda ke cika baki cewa ba kullen da ya taɓa gagararsa. Yaya ya kai masa katin a ɓoye. Brahim ya samo wata na'urar karanta kati, ya zura, katin ya nemi lamba. Ya gwada shekarar haihuwar Kamilu, ya gwada ƙarshen lambar wayarsa, ya gwada ta babur ɗinsa. A ta ukun katin ya rufe ruf. Brahim ya yi ta danne-danne yana gumi, daga ƙarshe ya miƙa wa Yaya abinsa ya ce da Fillanci shi bai taɓa ganin jaraba irin wannan ba.

Ni aka ba katin in mayar, in ce an tsinta ƙarƙashin tabarma. Na mayar, na faɗa. Kamilu ya yi godiya. Da ya je asibiti katin ya ƙi shi, Suzanne ta ce masa wani ya gwada lambar da ba ita ba har sau uku. Yaro ba wawa ba ne, ya san inda katin ya kwana. Ya zauna kan benci ya jira Dokta ya fito, aka buɗe, ya zaɓi sabuwar lamba. Ya wuce ta gaban ɗakin Sadiƙa, ya gaishe ta, bai tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ce masa komai ba.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da kawunsa, suka nemi ganin Alhaji su kaɗai. Kawun ne ya yi yawancin maganar, don a rage kunya. Na san haka domin ina jikin bango da kunnena, amma fankar zauren nan mai ƙarar tsiya ta hana ni jin ko kalma ɗaya mai amfani. Suka fito, Yaya ya raka su har bakin titi, aka sa ranar biki. Na tsare Laila a ɗaki na ce ta gaya mini. Ashe ita ta daɗe da sani, shi da kansa ya faɗa mata tun farkon haɗuwarsu. Ta ce, "Gwaggo, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Yau ga su can da 'ya'yansu lafiya lau, ni kuwa har gobe ban san abin da ke kai Kamilu Jambutu ba, kuma abin yana ci mini rai.

Labarin kuwa ya zaga kasuwa cewa Alhaji Mahfuzu da kansa ya nemi a buɗe kati bai samu ba, ga 'yarsa ce ta ƙera. Brahim ne ya fara bazawa. Ni dai inda ya yi kuskure nake gyarawa. Daga nan bencin asibitin Jambutu ya daina isar mutane. Matan da suka shekara suna ɓoye ciwo suka fito, har daga ƙauyukan hanyar Pitowa ake zuwa. Kowa ya ce in bai buɗu wa Alhaji ba, ba zai buɗu wa mijina ba.

Na zaci bayan biki komai zai wuce. Ina! Abin da ya ƙara wa asibiti jama'a shi ya ƙara wa Yaya ciwon rai. Damina ta wuce, motocin auduga suka fara shigowa gari, suka gama, zafi ya dawo. Kowace safiya Sadiƙa na durƙushe a ƙofar zaure, kowace safiya shiru. Da ma faɗa ya yi mata, da ya fi sauƙi. Bai hana ta abinci ba, bai kore ta ba, da salla ma ya aiko mata da atamfa ta hannuna. Muryarsa kawai ya hana ta.

Na ce mata, "Je ki ce kin yi kuskure, a wuce wurin."

Ta ce, "Haƙuri kullum ina ba shi, Gwaggo. Kuskure ne ba zan ce na yi ba."

Na koma wajensa na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah, marainiya ce. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa." Ya ce, "Kaltumi, tashi ki ba ni wuri." Na tashi, amma sai da na faɗi sauran a bakin ƙofa. Abin ya dame ni ƙwarai, don ina son su duka biyun, kuma na ga yarinyar tana tsayawa a bakin famfo tana wanke fuska fiye da yadda fuska ke buƙata. Duk da haka ba ta fasa gaisuwa ba, ba ta fasa aiki ba.

Sai Yaya ya fara ramewa. Babbar riga ta koma rataye a kafaɗarsa. Ya daina cin goro, ya daina zama a shago har yamma. Aka yi ta kawo masa jiƙe-jiƙe yana sha. In an ce asibiti sai ya ce lafiyarsa ƙalau. Na san abin da yake gudu. Rabin ma'aikatan asibitocin garin nan 'ya'yan abokansa ne, ga karne da za a kawo gida. Ɗan kasuwa kuwa in aka san ciwonsa, tun yana zaune ake fara raba rumfarsa da ido. Yaya mutum ne da zai gwammace ya faɗi a tsaye da a tausaya masa.

Ran wata Talata da safe, Sadiƙa ta gaishe shi kamar kullum, ta samu shirunta, ta tafi. Da hantsi ya aiko a kira ni. Na same shi ya sa hula. Ya ce, "Sa mayafinki ki raka ni."

"Ina za mu?"

"In mun je kya gani."

Ya tsayar da 'yan moto biyu, na ji ya ce wa na gaba, "Jambutu." Ban ce uffan ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne.

Ya daɗe a ɗakin Dokta Alphonse. Ni ina kan benci ina miƙa wuya, ƙofa a rufe. Da ya fito sai Suzanne ta ce masa saura kati, ta nuna masa wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Ya tsaya jim, sannan ya nufi can, na bi bayansa.

Sadiƙa na zaune gaban na'urarta. Da ta ga wanda ya shigo ta miƙe zumbur, ta zame ta durƙusa. Ya zauna kan kujerar marasa lafiya. Ta tashi ta ɗauko sabon kati, ta buga sunansa a baya, ta zura a na'ura, ta turo masa ɗan allon lambobi gabansa.

Ya dubi katin, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya yi magana, idonsa a kan katin, ba a kanta ba.

"Wannan ma ba ya buɗuwa?"

"Ba ya buɗuwa, Baffa."

"Ko 'ya'yana sun zo sun ce su ne 'ya'yana?"

"Ko sun zo."

"Ko Kaltumi ta zo ta yi kuka?"

Na ce, "A'a, Yaya, ni me na yi?" Ba wanda ya kula ni.

Ta ce, "Ko Gwaggo ta yi birgima."

Ya ce a hankali, "Ko ke?"

"Ko ni, Baffa."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka saki. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ta ce masa ya zaɓi lamba huɗu da ba wanda zai iya cinka, ban da shekarar haihuwa, ban da lambar waya. Sannan ta juya ta fuskanci bango. Ni ina tsaye ina ɗan leƙe ta saman kafaɗarsa, sai na ji ta ce, "Gwaggo, ke ma." Na yi tsaki na juya. Muka tsaya mu biyu muna kallon farin fenti, muna jin ƙarar dannawarsa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarar ta tsaya. Ba wanda ya motsa. Sai muka ji muryarsa daga bayanmu, irin ta da, irin ta ƙofar zaure.

"Lafiya lau, Uwata. Kin tashi lafiya?"

Rana ta kusa tsaka a lokacin. Sadiƙa ba ta juyo ba. Ta jingina goshinta da bango, kafaɗunta na girgiza, ta ce, "Lafiya lau, Baffa." Ni kuwa na ja bakin mayafi na toshe bakina, don kukana ba ya fita a hankali.

Yaya yana nan da ransa, ya ɗan mayar da jiki, yana zuwa Jambutu a kan lokaci. Katinsa na cikin jar jakar fata mai maɓalli, rataye a ƙarƙashin rigarsa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, ni na raka shi ranar, amma ban san abin da ke damunsa ba. Na tambayi Sadiƙa sau ɗaya, ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma na yarda.